Nisan Duniya da Rana cikin shekara: tarihin wani ƙaramin bambanci, daga Hiparkus zuwa tafkunan Tenere

Taƙaitawa

Nisan da ke tsakanin Duniya da Rana yana sauyawa cikin shekara: yana raguwa zuwa farkon Janairu, yana ƙaruwa zuwa farkon Yuli, bambancin kuwa bai wuce kashi 3,4 cikin ɗari ba. Wannan ƙasida tana bin sawun yadda aka gano haka, tun daga masu ƙidayar kwanaki na ƙasar Girka, ta hannun masana falaki na Bagadaza, Raƙƙa da Andalus, har zuwa ga Kepler da Kasini. Daga ƙarshe tana nuna yadda wannan bambanci, da ba shi ke kawo mana bazara ko hunturu ba, ya kasance cikin dalilan da suka sa Tenere ta taɓa zama ƙasar tafkuna da dorina.

1. Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin koleji a Maraɗi ko Damagaram dalilin zafin bazara, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce a lokacin nan Duniya ta matso kusa da Rana. Amsar tana da kan gado, domin duk wanda ya taɓa jin ɗumi ya san na kusa da wuta ya fi na nesa jin ta. Sai dai awo ya ƙaryata ta. Duniya ta fi kusa da Rana a farkon Janairu, tsakanin 2 da 5 ga wata, wato tsakiyar hunturu, sa'ad da tsofaffi ke hura kara da asuba: a lokacin nisan kilomita miliyan 147,1 ne. Ta fi nesa a farkon Yuli, sa'ad da nisan ya kai kilomita miliyan 152,1. Tsakanin biyun akwai kilomita miliyan 5, kuma sabili da su hasken da Duniya ke samu a Janairu ya ɗara na Yuli da kimanin kashi 7 cikin ɗari.

Abin da ke sauya mana lokutan shekara shi ne karkatar sandar da Duniya ke juyawa bisanta, karkata ta daraja 23,4. A Maraɗi, da ke wajen daraja 13,5 arewa da ekwato, Rana tana tsayawa daidai bisa kai da tsakar rana wajen ƙarshen Afrilu, har inuwar mutum ta ɓuya ƙarƙashin ƙafafunsa. A farkon Janairu kuwa tana kishingiɗe kudu, tsayinta bai wuce daraja 54 ba, haskenta ya bazu, har gona ba ta samun fiye da kashi 4 cikin 5 na abin da za ta samu in Rana na tsaye. Ga shi kuma yinin ya fi gajarta. Wannan asara ta rinjayi ribar kusancin nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta dame mu a nan ta tarihi ce: yaya aka yi mutanen da ba su da madubin hangen nesa suka gano abin da jiki ba ya ji, ido kuma ba ya rarrabewa? Za mu ga cewa ta ƙidayar kwanaki aka shiga, kuma a kowane mataki ilimin ya ci gaba ne sa'ad da wani masani ya ƙi ɗauke kai daga wani ɗan saɓani tsakanin littafi da awo.

1.1. Kalmomin aiki

A cikin ƙasidar, Rana da babban baƙi tana nufin halittar da ke sama, kwana kuma yana nufin awa 24. Falaki shi ne hanyar da wata halittar sama ke bi tana zagaya wata. Wurin da nisan ya kai iyakarsa mun kira shi maƙurar nisa, abin da ake ce ma aphélie da faransanci, auj da larabci. Kishiyarsa ita ce maƙurar kusa, wato périhélie. Daidaiton dare da yini shi ne équinoxe, wanda ke faɗuwa wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Juyin Rana shi ne solstice, wajen 21 ga Yuni da 21 ga Disamba, sa'ad da Rana ta kai iyakarta arewa ko kudu ta juyo. Da'ira tana da daraja 360, kowace daraja kuma ta kasu 60, kowane kashi mintin kusurwa ke nan.

2. Girkawa da ƙidayar kwanaki

Daidaito biyu da juyi biyu sun raba hanyar da ake ganin Rana tana bi cikin taurari gida huɗu, kowane gida daraja 90 cif. Da Rana tana tafiya da sauri ɗaya bisa da'irar da muke zaune a tsakiyarta, da kowane gida ya ɗauki kwana 91 da ƴan awoyi. Masanan Atina sun lura ba haka abin yake ba. Wajen shekara ta 330 kafin Miladiyya, Kalipus ya ƙidaya kwana 94, 92, 89 da 90, farawa daga daidaiton Maris. Mai karatu yana iya gwada wannan da kalandar da ke rataye a ɗakinsa: daga daidaiton Maris zuwa na Satumba kwana 186 ne, daga na Satumba zuwa na Maris kuwa 179. Mako guda ke tsakani.

Wannan ya zame ma Girkawa ƙarfen ƙafa, domin falsafarsu ta riga ta yanke cewa halittun sama ba sa tafiya sai bisa cikakkiyar da'ira, da sauri marar sauyawa. Hiparkus, wanda ya yi awonsa a tsibirin Rodos cikin ƙarni na 2 kafin Miladiyya, shi ya samo mafita. Ya bar ma Rana da'irarta da saurinta, sai ya gusar da Duniya daga tsakiyar da'irar. Mu ɗauki misalin doki da ke zagaya fage da gudu ɗaya. Wanda ya tsaya tsakiyar fagen zai ga gudun daidai ko'ina. Wanda ya tsaya daga gefe zai ga dokin ya wuce fyu sa'ad da ya zo gefensa, ya kuma gan shi kamar yana jan ƙafa sa'ad da yake can tsallake. Daga lambobi biyu kawai, kwana 94 da rabi daga daidaiton Maris zuwa juyin Yuni, da kwana 92 da rabi daga nan zuwa daidaiton Satumba, Hiparkus ya fitar da abu biyu: Duniya ta gusa daga tsakiya da kashi 1 cikin 24 na rabin faɗin da'irar, maƙurar nisa kuma tana daraja 65 da rabi bayan daidaiton Maris, wato Rana tana kai wa gare ta wajen ƙarshen Mayu.

Ke nan an tabbatar da sauyin nisa ba tare da an auna nisan kansa ba. Tsarin ya yi aiki ƙwarai wajen faɗin inda Rana za ta kasance kowane kwana. Amma akwai aibi ɓoye cikinsa, wanda sai bayan ƙarni goma sha bakwai aka tono: tun da an hana Rana sauya sauri, sai aka ɗora ma nisa dukan nauyin bambancin kwanakin, har sauyin nisan ya fito kimanin kashi 8 cikin ɗari, fiye da ninki biyu na gaskiya.

Wajen shekara ta 150 Miladiyya, Batlamus (Ptolémée) na Iskandariyya ya tattara ilimin falakin Girkawa cikin littafin da Larabawa suka kira al-Majisɗi. Ya ce ya sake awo ya sami lambobin Hiparkus daidai, kwana 94 da rabi da 92 da rabi, sabili da haka ya yanke cewa maƙurar nisa kafaffiya ce a daraja 65 da rabi har abada. A haƙiƙa, cikin kusan shekara 300 da suka raba su ta riga ta gusa da kimanin daraja 5. Ya kuma ɗauka girman faifan Rana a ido ba ya sauyawa yadda za a kula, abin da bai jitu da tsarin nasa ba.

3. Bagadaza, Raƙƙa da Toledo: maƙurar nisa tana tafiya

Bayan an fassara al-Majisɗi zuwa larabci, halifa al-Ma'amun (813–833) ya sa masana su sake auna abin da ke cikinsa, a unguwar Shammasiyya ta Bagadaza da kuma bisa dutsen Ƙasiyun na Dimashƙa. Sun tarar da maƙurar nisa wajen daraja 82. Al-Battani, wanda ya yi shekaru yana awo a Raƙƙa, bakin kogin Furatu, ya rasu a 929, ya tsayar da ita a daraja 82 da minti 17, wato ta gusa kusan daraja 17 daga inda Batlamus ya kafa ta. Ya kuma rage gusawar Duniya daga tsakiya zuwa kimanin kashi 1 cikin 29. Bugu da ƙari ya nuna cewa faifan Rana yana girma yana ƙanƙancewa cikin shekara, kuma sabili da haka ana iya samun husufin da Wata zai shiga gaban Rana ya kasa rufe ta duka, ya bar zobe na haske kewaye da shi. A tsarin Batlamus irin wannan husufi ba shi da wuri.

Ya kamata mu tsaya bisa muhimmancin wannan mataki. Al-Majisɗi shi ne madogarar fannin duka, kuma waɗannan masana sun ci gaba da aiki da hanyoyin lissafinsa. Amma inda awonsu ya saɓa ma lambobinsa, awon suka bi, suka kuma rubuta ranar awon da kayan da aka yi shi da su, domin na baya su iya gwadawa. Tazarar ƙarni bakwai da ke tsakaninsu da Batlamus ita kanta ta zame musu kayan aiki, tun da motsin da ba ya ganuwa cikin rayuwar mutum ɗaya yana fitowa fili in an jera awon zamani da zamani.

Saura a san dalilin gusawar. Tun Hiparkus an san cewa wuraren daidaiton dare da yini suna ja da baya a hankali cikin taurari. Al-Battani ya ɗauka wannan ja da baya shi kaɗai ke sa a ga maƙurar ta ci gaba, wato tana manne da taurari, ma'aunin ne ke zamewa. Al-Biruni ya sake bin maganar daki-daki cikin al-Ƙanun al-Mas'udi, wajen 1030. A cikin ƙarni na 11 ɗin dai, al-Zarƙali na Toledo, a Andalus, ya nuna cewa maƙurar tana da nata motsi dabam ko da an auna ta da taurari, ya kuma ƙiyasta shi daraja 1 cikin shekara 279. Lissafin yau ya ba da daraja 1 cikin kimanin shekara 310.

In an haɗa motsin biyu, maƙurar nisa tana ci gaba da daraja 1 kowace shekara 58, wato tana jinkirta da kwana ɗaya cikin kalandar Rana. Tana daraja 65 da rabi zamanin Hiparkus, 82 zamanin al-Battani. Ta kai 90 a 1246, sa'ad da ta dace da juyin Yuni. Yau tana wajen 103. Zagaye cikakke yana cin kimanin shekara dubu 21. A riƙe wannan lamba, za mu dawo gare ta a kashi na 6.

4. Kepler da minti takwas

Kopernik, cikin littafinsa na 1543, ya maida Rana tsakiya ya sa Duniya cikin jerin taurari masu yawo, ya kuma ambaci awon al-Battani da na al-Zarƙali. Amma bai saki cikakkiyar da'ira da saurin da ba ya sauyawa ba. Game da tambayarmu, sauya mazauni kawai aka yi: Duniya ce yanzu ke zagaya da'irar da Rana ta gusa daga tsakiyarta, girman gusawar kuwa yana nan kamar da.

Canjin ya zo ta hanyar awon Tiko Brahe, wani basaraken Danmark da ya shafe shekaru 1576 zuwa 1597 a tsibirin Hven yana auna taurari da manyan kayan tagulla da katako, ba madubi, har kuskurensa bai cika wuce minti 2 na kusurwa ba. Yohanes Kepler ya iske shi a Prag a 1600, aka ba shi aikin Mirrihi, jan tauraron da Faransawa ke ce ma Mars. Tiko ya mutu a 1601, littattafan awon suka faɗa hannun Kepler. An yi sa'a da zaɓin, domin Mirrihi yana sauya nisa ƙwarai, daga kilomita miliyan 207 zuwa 249. Da Zara aka ba shi, wadda falakinta ya fi na kowa kusa da da'ira, da aibin bai fito ba.

Kepler ya fara da Duniya, tun da daga bisanta ake yin kowane awo. Dabararsa ita ce: Mirrihi yana komawa wuri ɗaya cikin falakinsa kowane kwana 687. Sai ya zaɓo awon da ke da wannan tazara tsakaninsu, ya maida Mirrihi kamar turke kafaffe, Rana kuma turke na biyu, daga nan ya fitar da inda Duniya take a kowane karo, yadda mai awon gona ke gane inda yake tsaye daga itatuwa biyu da ya san wurinsu. Abin da ya samu shi ne Rana ta gusa daga tsakiyar falakin Duniya da kimanin kashi 18 cikin dubu, rabin kashi 36 da lissafin Tiko ya bayar. To ina sauran rabin bambancin kwanakin ya fito? Daga saurin Duniya kanta. Tana ƙara gudu in ta matso, tana sassautawa in ta yi nisa: a lissafin yau kilomita 30,3 cikin sakan ɗaya a Janairu, 29,3 a Yuli. Ƙa'idar da ya tsayar ita ce, in an ja igiya daga Rana zuwa tauraro mai yawo, filin da igiyar ke sharewa cikin kwana goma ɗaya ne ko'ina cikin falakin: inda igiyar ta gajarta sai tafiyar ta yi tsawo.

Alamar wannan tana cikin jadawalin lokutan salla da ake mannawa a masallatai. Zawali yana zuwa da wuri a farkon Nuwamba, yana jinkiri a tsakiyar Fabrairu, da tazarar kusan rabin awa a agogo. Sauyin saurin Duniya shi ne ɗaya daga dalilai biyu na haka, na biyun kuwa karkatar sandarta.

Da ya koma ga Mirrihi, Kepler ya maimaita wani dogon lissafi wajen sau 70 kafin ya sami da'irar da ta dace da awon. Amma da ya gyara ta domin ta dace da nisan tauraron, sai ta kauce da minti 8 na kusurwa a wasu wurare. Minti 8 kimanin rubu'in faɗin Wata ne a ido. A zamanin Batlamus, da awo ke iya kuskure da minti 10, ba wanda zai tanka. Kepler ya san Tiko ba ya irin wannan kuskure, sai ya yar da da'irar da aikin da ya sha wuya a kanta. Ya gwada siffar ƙwai, ba ta yi ba. A 1605 ya gane cewa falakin elips ne, ya buga sakamakon a 1609 cikin littafinsa Astronomia nova.

Elips ba wuyar zanawa. Akuyar da aka ɗaure ga turke ɗaya, in ta ja igiya ta zagaya, da'ira take yi. In aka kafa turke biyu, aka ɗaure bakin igiya ɗaya ga kowanne, aka ja ta da tsinke har ta miƙe, aka zagaya da tsinken bisa rairayi, zanen da zai fito shi ne elips. Rana tana zaune bisa ɗaya daga turakan biyu, ɗayan kuwa ba komi a wurin. Hotunan littattafan makaranta sukan miƙe elips ɗin fiye da kima, abin da ke ƙara ruɗa ɗalibai. In an zana falakin Duniya da faɗin mita 10 a filin makaranta, tsawonsa bai fi faɗinsa da milimita 2 ba, ido ba zai raba shi da da'ira ba. Abin da za a gani shi ne Rana ta gusa daga tsakiya da santimita 8.

5. Shaidar majami'ar Bolonya

Hujjar Kepler doguwa ce, ta bi ta Mirrihi, kuma masana da yawa ba su karɓe ta nan da nan ba. Ana bukatar shaida kai tsaye, hanyarta kuwa ita ce wadda al-Battani ya nuna: girman faifan Rana. In tsohon tsari ne daidai, faifan zai sauya da kimanin kashi 7 cikin ɗari tsakanin Janairu da Yuli. In na Kepler ne, da rabin haka. Wahalar ita ce faifan duka bai fi minti 32 ba, bambancin da ake nema kuwa minti ɗaya ne ko biyu.

A 1655 Kasini (Cassini), malamin falaki a jami'ar Bolonya ta Italiya, ya huda ƙaramar kafa a rufin majami'ar San Petronio, mita 27 daga ƙasa, ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan mita 67 bisa daɓe, daga kudu zuwa arewa. Kowace tsakar rana hoton Rana yana faɗowa bisa layin, babba, har a iya auna gefensa da gefensa. Awon ya ba Kepler gaskiya: rabi ne. Yau mun san faifan yana kai minti 32 da rabi a Janairu, ya sauko zuwa 31 da rabi a Yuli. Abin lura, an yi wannan aiki a garin da ke ƙarƙashin mulkin Paparoma, shekara 22 bayan hukuncin da aka yi ma Galile a 1633. Awon bai taɓa maganar wa ke zagaya wa ba, sabili da haka ya wuce lafiya, amma ya rushe aƙidar saurin da ba ya sauyawa.

Har zuwa lokacin, kashi cikin ɗari aka sani, ba a san nisan da kansa ba. A 1672 Kasini, da ya riga ya koma Paris, da Jean Richer da aka aika Kayen a Amurka ta Kudu, suka auna Mirrihi daga wurare biyu, suka fitar da nisan Rana kimanin kilomita miliyan 140. Matsakaicin nisan da aka tsayar yau miliyan 149,6 ne. A 1687 kuma Niyuton ya kawo dalilin: Rana tana jan kowane tauraro mai yawo da ƙarfin da ke raguwa sau huɗu in nisa ya ninka biyu, kuma daga wannan ƙa'ida elips da dokar igiya suke fitowa. Taurarin masu yawo su ma suna jan juna, shi ya sa elips ɗin Duniya ke juyawa a hankali, abin da al-Zarƙali ya auna ke nan, yana kuma miƙewa yana komawa cikin dubban shekaru.

6. Daga falaki zuwa Tenere

Mun ce kashi 7 cikin ɗari na haske ba shi ke kawo bazara ba. Amma ba a banza yake tafiya ba: yana ƙara ma lokacin da ya faɗo cikinsa, yana rage ma kishiyarsa. A zamaninmu maƙurar kusa tana faɗowa cikin sanyin rabin Duniya na arewa, ta sassauta shi, maƙurar nisa kuma cikin watannin zafinsa, ta rage musu ƙarfi. Tun da maƙurar tana zagaya kalanda cikin shekara dubu 21, wajen shekara dubu 11 da suka wuce abin akasin haka ne: Duniya ta fi kusa da Rana cikin watannin da muke kira damana.

Joseph Adhémar, malamin lissafi a Paris, shi ya fara danganta wannan zagaye da zamunan ƙanƙara a 1842. James Croll, wanda ya koyar da kansa yana aikin gadi a wani gidan kayan tarihi na Glasgow, ya faɗaɗa maganar daga 1864, yana dogara ga lissafin Le Verrier bisa sauyin siffar falaki. Milankobic, injiniya ɗan Sabiya, ya lissafa hasken da kowane yanki ke samu cikin dubban ɗaruruwan shekaru, ya buga babban littafinsa a 1941. Tabbaci ya zo a 1976, sa'ad da Hays, Imbrie da Shackleton suka bincika laka da aka haƙo daga ƙarƙashin tekun Indiya, suka iske yanayi ya yi ta sauyawa bisa zagaye na kimanin shekara dubu 100, dubu 41, da dubu 23 da 19, daidai da na falaki.

Waɗannan masana ƙanƙarar Turai da Amurka ta dame su. Abin da ya shafe mu kai tsaye ya fito a 1981, sa'ad da John Kutzbach ya sa ma kwamfuta yanayin falakin shekara dubu 9 da suka wuce. A lokacin maƙurar kusa tana ƙarshen Yuli, karkatar sanda ta ɗan wuce daraja 24, hasken watannin Yuni zuwa Agusta a rabin arewa ya ɗara na yau da kimanin kashi 7 cikin ɗari. Sakamakon shi ne damana mai ƙarfi. Dalilin sananne ne ga duk manomi da ke jiran iskar kudu maso yamma: ƙasa tana ɗaukar zafi da sauri fiye da teku, iskar da ke bisa Sahara ta yi sauƙi ta tashi, iska mai laima daga tekun Gine ta kwararo ta maye gurbinta. In zafin ƙasar ya ƙaru, jan ya ƙaru, ruwa ya zarce arewa. Binciken baya ya nuna cewa ciyayi da tafkuna sun ƙara ma abin ƙarfi, domin ƙasa mai tsiro ta fi farin rairayi riƙe zafi da laima.

Shaidar tana cikin ƙasarmu. Tsakanin kimanin shekara dubu 11 da dubu 5 da suka wuce, tafkin Cadi ya kai faɗin kilomita murabba'i wajen dubu 350, alhali a shekarun 1960 bai wuce dubu 25 ba. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan dinozor ya ci karo a 2000 da maƙabarta mai kabari wajen 200 a bakin wani tsohon tafki, tare da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, kada da dorina. Mutane sun zauna wurin daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, fari ya kore su, wasu suka zo daga wajen 5200 zuwa 2500. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 bisa dutse. A Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, an gano a 1987 kwalekwale mai shekara wajen dubu 8. Da maƙurar kusa ta gusa daga damana zuwa kaka, ta nufi hunturu, ruwan ya ja da baya kudu, tafkunan suka ƙafe, makiyaya suka bi ruwan.

A nan sai an yi hattara. Motsin da ke gusawa kwana ɗaya cikin shekara 58 ba shi ya kawo farin 1973 ko na 1984 ba, ba kuma shi ke bayyana ɗumamar yanayin zamaninmu ba. Waɗannan suna da nasu dalilai, masu aiki cikin shekaru goma-goma. Falaki yana magana ne bisa dubban shekaru.

7. Kammalawa

Mun bi maganar daga kwana 94 da rabi na Hiparkus, zuwa daraja 17 na al-Battani, minti 8 na Kepler, da minti ɗaya na Kasini. Kowace lamba a cikinsu ƙarama ce, kuma kowace an same ta ne ta gwada sabon awo da abin da magabata suka rubuta, daga girkanci zuwa larabci, daga larabci zuwa latinanci. Ba wata al'umma ɗaya da ta fara aikin ta gama shi.

Ga masu koyar da wannan darasi da hausa muna ba da shawara biyu. Ta farko, a fara da kalanda: ɗalibai su ƙidaya kwana 186 da 179 da kansu kafin a ambaci elips, sannan a fita fili a zana falakin da igiya da turke biyu bisa ma'auninsa na gaskiya. Ta biyu, a raba tambayoyi biyu da ake yawan cuɗawa: dalilin bazara da hunturu, wanda karkatar sanda ke amsawa, da dalilin da ya sa Tenere ta yi kore ta bushe, inda nisan Rana ke da hannu. Kalmomin da muka yi aiki da su, maƙurar nisa, maƙurar kusa, juyin Rana da mintin kusurwa, shawara ce muka miƙa, muna kuma jiran gyaran abokan aiki da na malaman hisabi kafin a tsayar da su.